Ruwa ba ya tsami banza: hunturu uku da bututun kashe tsamin boila

Murfin magudanar da ke tsakiyar ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa ne ya fara tona asiri. Baƙin ƙarfe ne na zubi, irin na tsofaffin gidaje, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk shekarun da muka yi a gidan ban taɓa ganin ya sauya kala ba. Hunturu ɗaya tak bayan an saka mana sabuwar boila, wato tukunyar gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, na sauka ɗauko wani kwali sai na tarar murfin ya yi jawur da tsatsa, daidai inda siririn tiyon boilar yake ɗiga. Simintin da ke kewaye da shi ya yi kaushi. Na shafa da yatsa, sai yashi ya biyo ni.

Ruwan nan da ke ɗiga garai-garai yake, ba wari, ba launi. In aka zuba maka shi a kofi ba za ka bambanta shi da na famfo ba. Shi ya sa ranar da mai haɗa boilar ya jefa bakin tiyon a kan magudana ya tattara kayansa ya tafi, ban ce masa uffan ba. Ni a zatona gumi ne kawai, irin wanda na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa.

Sai da wani dattijon mai gyara ya zo duba boilar a ƙarshen shekara ya warware mini. Ya tsuguna, ya zaro 'yar takarda daga aljihu, ya tara ta a bakin tiyon, nan take ta koma ruwan lemo mai duhu. Ya ɗora ta a jikin katin launuka ya nuna mini: tsakanin 3 da 4.

Na ce, "Baba, wannan me ke nan?"

Ya ce, "Yaro, wannan shi ke cin gidanka da daddare kana barci."

Bayanin da ya yi mini, da wanda na ƙara bi na karanta daga baya, ga shi a taƙaice. Gas ɗin da boila ke ƙonawa galibinsa mitan ne, kuma idan kilo 1 na mitan ya ƙone yakan haifar da ruwa kilo 2.25, a matsayin tururi. Tsohuwar boilarmu takan watsar da tururin nan ta bututun hayaƙi da zafinsa da komai. Ta zamani kuwa rowa gare ta. Takan sanyaya hayaƙin har ya sauko ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka, tururin ya koma ruwa a cikinta, ta karɓe zafin da ya saki ta mayar cikin gida. Zafin da ke ɓoye a tururin ya kai kusan kashi 11 cikin 100 na abin da gas ɗin ke ɗauke da shi, don haka ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa ƙasashe masu sanyi suka rungumi wannan samfuri. A Ingila da Wales ma tun watan Afrilu na 2005 doka ta ce duk sabuwar boilar gas da za a saka a gida, in ba da wani uzuri ba, irin wannan ce. To amma ruwan da ya sauko ba shi kaɗai yake saukowa ba. Yakan sha iskar kabon da sauran abubuwan da wuta ta haifar, na naitirojin da ɗan burbushin ƙibiritu, ya zama asid mai rauni. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda 7 take tsaka-tsaki kuma tsami ke ƙaruwa in lamba na raguwa, ruwan boilar gas yakan faɗa tsakanin 3 da 5. Na boilar da ke ƙona mai ya fi haka tsami.

Da farko lambar ba ta tsorata ni ba. Daga 7 zuwa 4 ai taku uku ne. Ashe ma'aunin ba irin na tsani ba ne: kowane taku ɗaya ninki 10 ne, wato ruwa mai 4 ya fi na tsaka-tsaki tsami sau 1,000. Ruwan sama na yau da kullum yana wajen 5.6. Sannan ga yawa. A ranar da sanyi ya tsananta boilar gida tana iya zubar da lita 2 a awa, wani lokaci fiye. Na taɓa tara bokiti mai lita 10 da magariba don in gani da idona, kafin asuba ya cika har ya tumbatsa. Roba ba ruwanta da wannan tsami, bututun PVC zai shekara da shekaru yana ɗauka. Baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, siminti, su ne abincinsa. Ni kuma abin da ke ƙarƙashin murfin nan baƙin ƙarfe ne binne a cikin daɓe, wanda in ya huje sai an fasa ɗakin.

Haka na sayi abin da nake son yin magana a kai, wato bututun kashe tsami. Ba zan kama sunan kamfani ba, don masu yin irinsa suna da yawa kuma kusan tsari ɗaya ne. Bututu ne na roba mai garai, ana ganin cikinsa, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, kaurinsa kamar damtsen babban mutum. Kowane gefe da murfi mai murɗawa da zoben roba a ciki. An haɗo shi da maɗaurai biyu na kafawa a bango, da jakar tsakuwa fara, da 'yar takardar bayani shafi guda. Shi ke nan. Ba wuta, ba batir, ba abin da ke motsi. Da na buɗe kwalin sai da na yi dariya, na ce yau na sayi duwatsu a cikin kwalba.

Duwatsun kuwa su ne aikin. Dutsen alli ne, irin wanda ake haƙowa a yi siminti da shi, masana na ce masa kalsiyam kabonet, an gauraya shi da ƙwayoyin magnisiyam oksaid da suka fi shi saurin aiki. Ruwa mai tsami ya shigo ta gefe ɗaya, ya ratsa tsakuwar a hankali, asid ɗin ya ci dutsen maimakon ya ci bututunka, ya fita ta ɗaya gefen kaifinsa ya mutu. Dutsen ne ke fansar ƙarfen. Wannan yana nufin tun ranar da ka saka shi ya fara ƙarewa, kuma nan ne duk labarin yake.

Sakawar ni na yi da kaina, da taimakon ɗana, wata Asabar. Amma in faɗi abu guda kafin wani ya ɗauki sukundireba: ban buɗe jikin boilar ba, kuma ban ba kowa shawarar ya buɗe ba. Cikinta na mai lasisin aikin gas ne. A ƙasanta akwai 'yar gwiwa da ke riƙe ruwa koyaushe, ruwan nan shi ne ƙofar da ke hana hayaƙi biyo tiyo ya shigo ɗaki, hayaƙin da kan iya ɗauke da kabon monoksaid, wanda ba a gani ba a jin warinsa. Aikina daga bayan wannan gwiwar ya fara. Jerin shi ne boila, sai gwiwa, sai bututun tsakuwa, sai magudana. Wanda ke da ƙaramin injin tura ruwa sama, bututun tsakuwa kafin injin yake shiga, don shi ma injin ya tsira.

Kuskurena na farko girman kai ne. Na so abin ya yi kyan gani, na kafa shi a bango daidai inda hannu zai kai ba sai an durƙusa ba. Takardar ta ce a saka shi "ƙasa da mafitar boila", na auna da ido na ga ai ƙasa yake. Ɗana ya ce, "Baba, kamar ya yi sama fa." Na ce masa ya riƙe fitila ya bar ni da aikina. Abin da ban lura ba shi ne, mafitar bututun a sama take da mashigarsa, da gangan aka yi haka don tsakuwar ta zauna a nutse cikin ruwa. Ke nan tsayin da ya kamata in auna na mafitar ne. Daren ranar, wajen ƙarfe 2, na farka na ji gidan ya yi tsit irin tsit ɗin da ba na lafiya ba, hancina ya yi sanyi. Na sauka na tarar boilar ta kashe kanta, tana nuna lambar matsala, cikinta yana ƙugi kamar mai kurkure baki. Ruwa ya kasa fita ya koma mata. Ita ma ta yi daidai da ta tsaya. Da safe na kwance, na sauke shi kusan taƙi guda, na gyara gangaren tiyon yadda kowace mita za ta sauka da santimita 4 zuwa 5, na cire wani lanƙwasa da ruwa ke kwanciya a ciki. Yaron bai ce komai ba, murmushin da ya yi ya isa.

Wannan laifina ne, amma rabinsa na takardar ne. Zane ɗaya mai nuna layin ruwa da ya wadatar. Haka kuma ba ta ce a saka mahaɗi mai kwancewa a kowane gefe ba, alhali abu ne da dole ka riƙa cirewa. Dattijon ne ya gaya mini a waya, ya ƙara da cewa kada in cusa ƙarshen tiyon can cikin magudana har ya nutse, in bar 'yar tazara ta iska, don in magudanar ta toshe wata rana kada ƙazantarta ta hauro zuwa boila. Ya kuma ce kada in kuskura in haɗa bututun bawul ɗin rage matsi da wannan layi. Duk waɗannan babu ko ɗaya a shafin.

Bayan an daidaita, aikinsa ba abin kushewa. Na sayo takardar gwajin pH tawa (ba a saka ko ɗaya a kwalin ba, kuma wannan ne babban abin da nake riƙe da shi a kansu), na gwada a mashiga na samu ƙasa da 4, a mafita kusan 7. Na goge tsatsar murfin magudana da burushin waya na shafa masa fenti, har hunturun ya fita bai sake ja ba. Ba ɗigo a mahaɗai, ba ƙara, ba wari. Na manta da shi sarai.

Mantuwar ita ce kuskure na biyu, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

A hunturu na biyu nakan leƙa shi in na sauka. Jikinsa garai ne, ai don haka aka yi shi, in ga tsakuwa na nan, in wuce. Ta ɗan ragu, amma fiye da rabi na nan daram. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan bai sani ba. Wajen tsakiyar hunturu na ga wani siririn layi ja ya fara bayyana a gefen fentin da na shafa. Na ɗauko takardar gwaji na tara a mafita. Ta nuna 4 da 'yan kai. Wato ruwan yana shiga da tsaminsa yana fita da tsaminsa, kuma Allah kaɗai ya san makonni nawa aka yi a haka, bututu cike da dutse.

Da na kwance na buɗe sai na ga dalili. Tsakuwar ta daskare ta zama dunƙule guda, kamar siminti da ya sha ruwa a buhu. A samanta wata laka mai ruwan toka ta lulluɓe komai, mai santsi. Dattijon ya ce wannan daga cikin boilar take fitowa, musamman masu tukunyar alminiyam, tare da ƙurar da iska ke shigowa da ita. Sannan a gefe ɗaya ruwa ya sassaƙa wa kansa 'yar hanya mai faɗin fensir tun daga farko har ƙarshe. Ta nan yake bi ya wuce salin-alin, bai taɓa komai ba sai bangon hanyar da ya riga ya rufe da laka. Daga waje duk wannan ba ya ganuwa, don jikin robar shi ma ya yi hazo ta ciki, fari a kan fari.

Nan na fahimci cewa jikin garai ɗin da ya sa na zaɓi wannan samfuri, shi ne ya yaudare ni. Yana nuna maka yawan dutse, ba ya nuna maka ko dutsen yana aiki. Kuma abin ba ya kuka. In ya toshe, boila za ta tsaya ka sani. In ya daina aiki bai toshe ba, ba ƙararrawa, ba fitila, gida na da ɗumi, kowa na barci.

Buɗewar kanta wahala ce, kuma a nan ma ina da ƙorafi. Haƙoran murfin ƙanana ne, na roba, garin dutse ya shiga tsakaninsu ya kama. Da hannu ya ƙi. Na sa babbar filaya, ina murɗawa ina addu'a kada ya tsage, don in ya tsage a tsakiyar sanyi sai dai bokiti. Ɗaya daga cikin maɗauran bangon ya karye a wannan kokawa, na maye gurbinsa da na ƙarfe mai roba a ciki. Da masu yin sa za su ji tawa, su yi haƙora manya, su sa wurin kamawa a murfin, su jefa takardar gwaji 10 a kwali. Ba wani abin a zo a gani ba ne a wurinsu.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma hunturu na uku ya wuce lafiya a kansa. Kafin sanyi ya shigo, ranar da mai gyara zai zo duba boila, nakan sauya tsakuwar gaba ɗaya ko da ta yi kama da mai sauran rai. In kashe boilar, in sa safar hannu ta roba, in ajiye bokiti a ƙasa, in kwance mahaɗan biyu, in zazzage tsohuwar, in wanke cikin da ruwa da tsohon burushi har hazon ya fita. Sabuwar tsakuwa nakan ɗauraye ta tukuna a rariya, don garin da ke jikinta shi ne farkon laka. Ba na cika shi maƙil, nakan bar ɗan sarari. In share haƙoran murfi tas, in shafa wa zoben roba ɗan man silikon, in ɗaure da hannu kawai. Daga nan in zuba ruwa jug guda in tsaya in ga ya fita ta can ba tare da ya tsaya ko ya ɗiga ba. Mai gyaran kuma ya wanke gwiwar boila ya sake cika ta da ruwa. Duka-duka rabin awa, in murfin bai yi taurin kai ba.

Sai gwaji, sau ɗaya a wata muddin ana ɗumama gida. Lokacin gwajin yana da muhimmanci, kuma wannan da kaina na gano. In ka gwada da rana boila na hutawa, ruwan da ya daɗe kwance cikin tsakuwa ne zai fito, ya ba ka lamba mai daɗi. Gwajin gaskiya sai da sassafe a rana mai sanyi, bayan boilar ta yi awa guda tana aiki ba tsayawa, lokacin da ruwa ke wucewa da sauri kuma zamansa da dutse ya fi gajarta. Masu ƙerawa sun bambanta kan iyaka, wasu su ce a sauya in ya sauka ƙasa da 6, wasu 5. Ni 6 na riƙe. Bayan gwajin nakan ɗan bubbuga jikin bututun da tafin hannu in ga tsakuwar ta motsa. In ta motsa, ba ta daskare ba, kuma duk wata hanya da ruwa ya fara sassaƙawa ta rushe.

Wani abu da mutane ke yi don sauƙi shi ne ƙara sabuwa a kan tsohuwa. Na gwada sau ɗaya, lambar ta tashi na kwana kaɗan ta sake faɗuwa, don dunƙulen da ke ƙasa yana nan yadda yake. Kada kuma a ɗauko kowace farar tsakuwa a zuba. Wadda ta yi laushi da yawa takan toshe, wadda ba dutsen alli ba ce kuma ado ne kawai. Girman bututun shi ma a duba shi da ƙarfin boila, don kowanne an rubuta masa iyakar kilowat ɗin da zai ɗauka, kuma gara ya yi maka yawa da ya yi kaɗan. Wurin da za a kafa shi ya zama inda ruwa ba ya daskarewa. Bututu cike da ruwa a waje cikin tsananin sanyi, toshewa ce ka saya da kuɗinka.

Ƙanena da ya ji labarin ya kira ni. "Yaya, ni ma in sayo ne?" Na ce ya sauka ya bi tiyon boilarsa ya ga inda ya ƙare. Ya dawo ya ce a bututun roba ya shiga, wanda injin wanki ke zubarwa a ciki, kuma gidan sabo ne, roba ce har titi. Na ce to ya bincika dokar inda yake, in ba ta tilasta ba ya bar kuɗinsa a aljihu. Ruwan sabulu kishiyar tsami ne, suna haɗuwa suna kashe juna, kuma ruwan da gida ke zubarwa a yini ya ninka na boila sau da yawa. Jamusawa ma da suka tsara abin dalla-dalla haka ƙa'idarsu take: boilar gas da ba ta kai kilowat 25 ba galibi ba a buƙatar a kashe tsamin ruwanta, wadda ta wuce 200 dole ne, amma ko ƙarama ce, in bututun gidan ba mai jure asid ba ne ko kuma gidan yana da tankin tace ƙazanta na kansa, sai an saka. A gida irin na ƙanena, wannan bututu ƙarin wurin toshewa ne kawai da ƙarin aiki duk shekara.

A gida irin nawa kuwa, mai tsohon ƙarfe binne a daɓe, zan sake saya, kuma wannan samfurin ma zan iya sake ɗauka duk da murfinsa, sai dai in na samu mai buɗewa ta sama irin na akwati, wanda ake iya juya tsakuwar da sanda ba sai an kwance komai ba. In maki ake so, na ba aikinsa 4 cikin 5, na ba takardar bayaninsa 1. A jikin bututun na manna farin salatif, ina rubuta kwanan wata da lambar da na samu duk gwaji. Layi na ƙarshe ya ce 6.5. Takardar gwajin tana rataye a ƙusa kusa da shi cikin leda, don laima na ɓata ta, kuma yanzu ɗana ne ke yin gwajin, ni nakan riƙe masa fitila.